Labbo Magini da Ranar da Aka Ɗaga

Labbo maginin rumbu ne a Kwatarkwashi, kuma daga Bunguɗu har Tsafe ba a taɓa jin rumbun da ya gina ya tsage ba. Sau ɗaya tak aka ga ya ajiye aiki da kaka, shi ma lissafin Malam Abdulsalami ne ya jawo.

Shekara uku bayan Nasara sun ci ƙasar, malamin nan ya duƙufa kan hisabi har ya gano ranar tashin duniya: Juma'ar farko bayan yankan dawa, rana za ta fito daga yamma. Gida talatin suka bi shi, har da na Labbo. Lokacin ana rububin magina, amma duk wanda ya zo masa da aiki sai ya dube shi da tausayi, ya ce, "Rumbu? Wa zai ci abin da ke ciki?"

Ya yanka ragonsa, ya rabar da irin shukarsa sadaka, ya bar wa maƙwabcinsa iyakar gonar da suka shekara tara suna rigima a kanta. Matarsa Inno ba ta yi musu ba. Ta dai ɗebi irin gero tukunya guda ta kai ajiya gidan ƙanwarta.

Ran Juma'ar, ana idar da sallar asuba suka hau dutse, suka zauna sahu-sahu suna fuskantar yamma. Suna nan har Labbo ya ji ƙeyarsa ta fara ɗumi. Ba wanda ya yarda ya waiwaya. Da hantsi Inno ta hau da ƙwaryar fura.

"Tunda an ɗaga," in ji ta, "ku jiƙa maƙoshi."

Ba wanda ya fita daga jama'ar, amma kowa da yadda ya fahimci abin. Dogo mahauci ya rantse Malam bai taɓa cewa bana ba, kunnen mutane ne ya ƙara. Halliru baduku ya ce addu'arsu ce ta sa aka yi jinkiri, ya kamata ma mutanen Bunguɗu su zo su yi godiya, ba dariya ba. Labbo ya je neman iyakar gonarsa, maƙwabcin ya ce kyautar da aka yi a bakin ƙiyama ba ta dawowa. Tun daga nan ya tsaya a kan cewa duniya ta tashi mana, a hankali take yi, kuma daga gonarsa ta fara.

Shekarar da tauraro mai wutsiya ya fito, Malam ya sake lissafi ya ba da sabuwar rana. Labbo ya hau dutse tare da kowa, sai dai ya roƙi a ba shi sahun baya, don ya bar laka a kwaɓe kada ta bushe. Da annobar murar nan da ake kira marisuwa ta ɗauki Malam, Halliru ya share hawaye ya ce, "Kun gani ko? Ƙiyamar kanshi yake nufi tun farko. Mu ne ba mu da zurfin karatu."

Labbo ya tsufa a cikin jama'ar. In samari suka tambaye shi ko da gaske sun taɓa jiran rana ta yamma, sai ya ce shi dai ya hau ne shan iska, amma Malam bai yi kuskure ba.

Da jirgin ƙasa ya iso Gusau, aka ce ga dabbar nan ta ƙarshen zamani da za ta fito ta yi wa mutane magana. Jama'a ta tura Labbo da Halliru su gano. Suka taka da ƙafa, suka tsaya nesa da tasha, kowa riƙe da carbi. Abin ya taho yana hayaƙi, ya yi kuwwa, ya tsaya, aka shiga loda masa buhunan gyaɗa.

"Ba ita ba ce," in ji Labbo. "Ba ta ce komai ba."

"Kuwwar nan hwa?" in ji Halliru.

"To mi ta ce?"

"Ai sai malamai."

Suka koma gida ba sa yi wa juna magana. Jama'a ta saurari kowannensu, ta yanke cewa duk biyun sun yi gaskiya, sannan aka shiga shawarar wanda zai riƙa kai gyaɗar 'yan'uwa tasha.