Takardar da na karanta a kan ƙanwata

Shekarun baya, ina gama kwalejin horon malamai na koma ƙauyenmu da ke tsakanin Tudun Wada da Doguwa, sai aka naɗa ni magatakardan ikkilisiyarmu. Ba wani babban muƙami ba ne. Aikin kawai shi ne in rubuta abin da dattawa suka yanke a zamansu, in kuma karanta sanarwa ranar Lahadi kafin wa'azi. Amma da kun gan ni a lokacin, sai ku rantse kwamishina aka ba ni. Na sayi baƙar jaka, na jera biro uku a aljihun gaba, ko rijiya zan je sai na gyara wuyan riga.

Majami'armu ƙarama ce, kowa ya san kakan kowa. Mu 'yan tsiraru ne a tsakiyar maƙwabtanmu Musulmi, don haka tun muna yara ake nanata mana cewa mu jiki ɗaya ne, in ɗaya ya faɗi sauran su ɗaga shi. Ranar noma a yi gayya, ranar rasuwa a zauna tare. Na yarda da wannan har cikin raina, kuma na sha koya wa yara shi a makarantar Lahadi.

Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Mahaifiyata ta fi shekara ashirin a zumuntar mata, wato ƙungiyar matan majami'a. Ita ke share majami'a duk Asabar, ita ke tsayawa a kan tukunya in an yi baƙi. Ƙanwata kuwa, wadda take bi na, ita ke jan waƙa a ƙungiyar mawaƙa. In ta ɗaga murya, har masu wucewa zuwa kasuwa kan rage tafiya.

Wata damina, mun dawo daga gona da yamma, mahaifiyata ta kira ni bayan rumbu. Ba ta kalle ni ba ta ce, "Ƙanwarka ciki gare ta. Wata huɗu."

Ban tambayi na wane ne ba, don babu wanda bai sani ba a ƙauyen. Saurayin shi ne mai kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa, kuma ɗan babban dattijon ikkilisiya. Shekara biyu yana zuwa zance ƙofar gidanmu, har an fara maganar kawo gaisuwar iyaye bayan girbi.

Cikin makon dattawa suka zauna, ni kuma ina gefe da littafina. Aka kira ƙanwata. Ta shigo ta durƙusa, ba ta yi gardama ba, ba ta ɓoye komai ba. Ta ce ta yi zunubi, ta faɗi sunan wanda suka yi tare, ta roƙi gafara. Da aka sallame ta, babban dattijon ya gyara zama ya ce, "Ɗana ba ya gari, ya tafi Zariya karatu. Ban ji komai daga bakinsa ba. Mu a kan abin da ido ya gani muke yanke magana."

Kwana uku kafin nan, da idona na ga saurayin a kan achaɓa da jakarsa, ƙanin dattijon ne ma ya kai shi bakin titi.

Wani tsoho a cikin dattawan ya ce, "To a aika a kira shi mana, Zariya ai ba bangon duniya ba ce." Babban dattijon ya juya ya kalle shi kawai. Tsohon ya sunkuyar da kai. Fastonmu baƙo ne, bai cika shekara da zuwa ba, ya ƙura wa ƙasa ido kamar yana ƙirga tururuwa. A ƙarshe aka yanke cewa za a sa ƙanwata a horo: ta bar waƙa, ta daina cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a sujada, ta koma zama a bencin baya har sai an ga tubanta.

Na ɗaga biro na ce, "Baba, sunan wa da wa zan rubuta?"

Ya ce, "Suna nawa ka ji an yanke wa hukunci?"

Na rubuta ɗaya.

Da za a tashi fasto ya ce mini a hankali, "Malam, in abin zai yi maka nauyi, sai a ba wani ya karanta." Kafin in buɗe baki dattijon ya ce, "A'a, shi zai karanta. Jama'a su ga cewa a gidan Allah babu ɗan gida, babu bare." Zan faɗa muku gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: daɗi na ji. Na ɗauka Allah ne yake gwada ni, ni kuma ga ni gwarzon da zai ci jarrabawa.

Ranar Asabar mahaifiyata ta dawo daga sharar majami'a, ta ajiye tsintsiya ta ce, "Gobe ka ce ba ka da lafiya. Ko ka tafi Kiru wajen goggonku ka kwana biyu. Kowa ya karanta, amma ban da kai."

Ni kuwa na tsaya na yi wa matar da ta koya mini addu'a wa'azi. Na yi mata bayanin tsarkin ikkilisiya, na ce aikin Allah ya fi jini. Ta bar ni har na gaji, sannan ta ce, "To. Allah ya ba ka ladan."

Ranar Lahadi majami'a ta cika fiye da kullum, har waɗanda sai Kirsimeti ake ganinsu sun zo. Al'adarmu ita ce wanda za a hora ya miƙe tsaye a gaba. Ƙanwata ta miƙe. Na gama sanarwar gayya da ta taron matasa, sannan na buɗe takardar. Na karanta cikakken sunanta, haɗe da sunan mahaifinmu, wanda shi ne nawa. Na karanta laifin, na karanta hukuncin, na ninke takardar na mayar aljihu. Ta bi ta tsakiyar jama'a har bencin ƙarshe, wanda ke bakin ƙofa inda feshin ruwa ke shigowa. Aka ta da waƙa, wata ta ja.

A koyarwarmu, horo ba kora ba ne. Ana cewa magani ne, a ware mutum don a kula da shi, a riƙa ziyartarsa ana yi masa addu'a har ya miƙe. Ni na rubuta ƙa'idar da hannuna a littafin ikkilisiya. Amma wata biyar ƙanwata tana zaune a bencin nan, ko Lahadi ɗaya ba ta fasa ba, kuma babu dattijo ɗaya da ya tako gidanmu. Matan da suka ci tuwon mahaifiyata shekara da shekaru suka hana 'ya'yansu zuwa kitso wajenmu. In an tashi sujada sai a riƙa raɓewa ana fita, kamar bencin yana da ƙaya. Aka aiko wa mahaifiyata cewa ta ɗan huta da jagorar addu'a a zumunta har magana ta lafa. Sharar majami'a kuwa babu wanda ya ce ta huta.

Da rani ta haihu a asibiti a Tudun Wada, mace. A ƙauyenmu in mace ta haihu, matan zumunta ne ke karɓar gidan, wannan ta kawo itace, wannan ruwa, waccan ta dama kunu, har mai jego ta yi arba'in. Mu mutum biyu suka zo mana. Wata tsohuwar gwauruwa daga majami'a, wadda ko gani sosai ba ta yi, ta lallaɓo da ɗan damin kara a ka, ta zauna ta riƙe jaririyar tana yi mata waƙa. Sai Bafulatanar da ke kawo mana nono, ta ajiye man shanu a ƙoƙo ta ce, "Na mai jego ne," ta ƙi karɓar komai. Fasto ya zo sau ɗaya da sassafe, ya yi addu'a a tsaye, ya fita yana waige.

Duk da haka ƙanwata ba ta yi fushi ba. Da ta gama wankan jego ta goya 'yarta ta koma bencinta. Ta ce mini, "Yaya, ka tambayar mini dattawa yaushe za a karɓe ni. Ko a gaban jama'a za a ce in durƙusa, zan yi." Na kai maganar sau biyu, aka ce ana dubawa.

Ana nan ana dubawa, sai ga saurayin ya dawo daga Zariya, ya yi ƙiba, ya sa tabarau. Lahadin farko ya koma kan gangarsa. Babu wanda ya kira shi zama. Bayan 'yan makonni aka miƙo mini wata takarda: sanarwar aurensa da 'yar wani mai bishara daga wajen Bebeji.

Kun san yadda ake yi. Lahadi uku a jere ake karanta sanarwar aure, kowane karo a tambayi jama'a ko akwai wanda ya san dalilin da zai hana a ɗaura. Ni na yi tambayar. Daga inda nake tsaye ina hango ƙanwata a bencin baya, yarinyar tana kan cinyarta, kamanninta sak na ubanta, har goshin. Majami'ar ta yi tsit. Kowa ya san dalili. Fasto ya sani, dattawa sun sani, matan zumunta sun sani. Ni da ke tambayar na fi kowa sani. Na jira ɗan lokacin da aka saba jira, na wuce sanarwa ta gaba. Haka na yi sau uku.

Bayan Lahadi ta uku ƙanwata ta ɗaure kayanta a zane ta tafi Kiru wajen goggonmu. Ba ta yi wa kowa rashin kunya ba, ba ta kuma yi wa kowa sallama ba. Ranar bikin saurayin, mahaifiyata tana cikin masu dafa shinkafa. Da na tambaye ta me ya kai ta, cewa ta yi, "Ba don su nake yi ba."

Zan so in ce muku na ajiye muƙamin don fushi. Ba haka aka yi ba. Aikin koyarwa na samu a birni, na tafi, har da liyafar ban kwana aka yi mini, aka yaba da riƙon amanata.

Ƙanwata ta koyi ɗinki a Kiru, yanzu da shagonta da masu koyo a hannunta. Ba ta bar bangaskiyarta ba. Tana addu'a, tana rera waƙoƙin sujada a kan keken ɗinki, muryar tana nan yadda take. Amma tun daga ranar ba ta ƙara taka ƙofar wata majami'a ba.

Ko ranar jana'izar mahaifiyarmu a waje ta tsaya, ƙarƙashin ɗorawa. A ciki matan zumunta sun sha ankonsu suna waƙa, babban dattijon kuma, da sandarsa yanzu, ya miƙe ya ce marigayiya uwa ce ga ikkilisiya, ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Bayan an dawo daga maƙabarta na sami ƙanwata ita kaɗai a ɗakin mahaifiyarmu tana ninke kaya. Na durƙusa na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Tashi, Yaya, kada a shigo a gan ka. Na yafe tuntuni. Laifi na yi, ban taɓa musu ba. Shi dattijo ɗansa ya kare, wataƙila ko ni ce haka zan yi. Amma ka san abin da nake saurare ranar da kake karantawa? Jira nake in ji muryarka ta yi rawa ko sau ɗaya. Ba ta yi ba. Ka karanta ni daidai yadda ka karanta sanarwar gayya."

Ta ci gaba da ninke zannuwa.

Har yau ina zuwa sujada, ban kuma ce horo ba shi da wuri a ikkilisiya ba. Abin da ke ci mini rai shi ne mun san abin da ake bukata a gare mu, a bakinmu yake kullum. Mun san ana so mu ɗauki nauyin juna, mu yi wa babba da ƙarami hukunci iri ɗaya, mu bi wanda ya faɗi har gida. A cikin duk wannan, sai muka zaɓi ɓangaren da ba ya ci mana komai, muka yi shi da ƙwazo, muka kira shi tsarki. Ba mugaye ba ne mutanen ƙauyenmu. Masu kirki ne da suka ga dattijo ya fi yarinya marainiya wuyar taɓawa. Ni ma ina cikinsu, bambancin kawai ni ne mai riƙe da biro. Sau biyu a majami'ar da nake yanzu ana neman in shiga cikin dattawa, ina cewa aiki ya yi mini yawa.

'Yar ƙanwata ta girma, tana shirin gama sakandare. Ita tana zuwa majami'a tare da ƙawayenta, uwarta ba ta taɓa hana ta ba. Kwanakin baya na je Kiru, ta rako ni tasha, muna jiran mota ta cika sai ta ce, "Kawu, kai da ka san komai na coci, me ya sa Mama ba ta zuwa? Wani abu aka yi mata?"

Na duba agogo, na duba mota, na ce mata, "Ki tambayi mamanki."

Ta ce, "Na tambaye ta. Cewa ta yi in tambaye ka."