Ranar da Anti Nasiba Ta Kai Dubiya Ofis

Kafin masu koko su gama jera kofuna a Aboabo, Anti Nasiba ta buɗe kafenta, ta goge kwamfutoci, ta hau rubuta wa mutane imel. Yanzu ido ya gaji, ƙarshen wata za ta rufe shagon. To, wallahi ba za ta tafi shiru ba, sai mun faɗa.

Ku tambayi Hikma, 'yar Fusena mai albasa a kasuwar Race Course. Shekarun baya ta samu gurbi a makarantar ungozoma, da sharaɗin ta amsa ta imel ɗin da makarantar ta buɗe mata kafin Juma'a, in ba haka ba a ba wata. Sai imel ya kulle. Anti ta rubuta wa jami'in da ke kula da shi, shiru. Ta sake, shiru. Ta buga waya, ba mai ɗauka. Hikma ta zauna tana kuka.

"Share hawayenki, 'yata," in ji Anti. "A Zongo, wanda aka yi wa sallama bai amsa ba, ba shi da lafiya. Dubiya za mu."

Ranar Alhamis ta cika motar trotro da matan layinsu, ga tabarmi, ga koko da ƙosai. Suka yi shimfiɗa a ƙofar ofishin. Mutumin ya leƙo, garau da shi, har da tumbi.

"Maame, lafiya?"

"Ai mu za mu tambaye ka! Sannu, ya jiki? Hannun ne ko idon?"

Matan suka ɗauka baki ɗaya: "Sannu! Allah ya sawwaƙe!" Duk wanda ya zo wucewa, su ce ya shiga ya gaida mara lafiya. Ya ce zai kira masu gadi. Anti ta ce ya kira su, koko zai isa kowa. Kafin kokon ya huce, imel ya buɗe.

Anti, ke ce ba kya zagi, ba kya roƙo, ba kya kuma tashi. Ke kika nuna mana cewa mai yi mana shiru mutum ne, kuma ofishinsa yana da ƙofa. Mun gode, Anti. Allah ya ƙara wa idon haske.

Ku kuma 'yan baya, ku daina haƙura tun ba ku taka ƙafa ba. Jikar Anti da aka raɗa wa suna makon jiya, Hikma ce ta karɓi haihuwarta.