Sabuwar Kyamara a Bayan Karmo

Ko da zan tsufa har in riƙa manta inda na ajiye tabarau, ba na jin zan manta da Asabar ɗin da wani saurayina ya ɗauke ni gwajin sabuwar kyamararsa a ƙauyukan bayan Karmo.

Lokacin farar hula sun dawo mulki, kuɗin mai na zuba, Abuja kullum ana gini ana rushewa. Ina zaune a Masaka wajen yayata, ina aikin buga takardu a wani shago, ɗan abin da na samu kuma littattafan soyayya ke cinyewa. Na karanta su har na san kamannin mijin da zan aura: dogo, mai saje, mai ƙamshi, wanda in ya yi murmushi kumatunsa ke lotsawa. Sai ga wannan bawan Allah ya shigo buga takarda. Saje akwai, ƙamshi akwai, ga mota, ga aiki a wata ma'aikatar tarayya. Tsawo da lotsawar kumatu na yafe masa. Magana ta yi nisa har an tsayar cewa mako mai zuwa magabatansa za su je gaisuwa wajen kawuna.

Kyamarar daga Dubai abokinsa ya kawo masa, irin wadda ba a sa mata fim, kana ɗauka kana ganin hoton a bayanta. Ya rataya ta a wuya, kusa da katin ofis ɗinsa. Wannan kati ba ya cire shi ko ranar hutu, har ina zargin da shi yake wanka. Ya sha farar shadda, ni kuma na sa atamfar da nake ji da ita.

Ƙarshen damina ne, ko'ina kore shar, duwatsu sun yi wanka. Muka bar kwalta muka bi wata jar hanya. Duk inda na ga dutse sai in ce ya tsaya, in jingina, in tallafe haɓa, in kalli nesa kamar wadda ke jiran wasiƙa. Daga baya da na leƙa bayan kyamarar, sai na ga motarsa ta fi ni fitowa. A wani hoton ma gwiwar hannuna kawai ta samu shiga.

Muka isa wani ɗan ƙauye, gidajen laka da na bulo a cakuɗe, rufin kwanonsu duk tsofaffi masu huje-huje. Ya ce a Turai irin waɗannan hotuna ake ratayawa a falo. Ya fita ya fara ɗaukar gidajen ɗaya bayan ɗaya. Ya ja da baya, ya durƙusa, ya taka zuwa kusurwar bango, ya dawo, kati na lilo a ƙirji. Na lura yara ba su rugo wajen mota ba kamar yadda yara ke yi, cikin gida suka ruga. Ban kawo komai a raina ba.

Kafin wani lokaci sai ga mai unguwa da dattawa, ana ta ranka ya daɗe, sannu da aiki. Aka kawo benci, aka kawo fura da nono mai sanyi. Can sai mata suka fara fitowa da doya a kafaɗa, wani ya kawo zabuwa, wata ta kawo ƙwai a kwano, ana ta jerawa a but ɗin mota. Zuciyata ta narke. Na ce ashe gaskiya marubuta suke faɗa, mutanen karkara na ganin mutumin kirki suke gane shi. Har na fara tsara yadda zan ba 'ya'yanmu labarin.

Wata tsohuwa ce ta ja gyalena zuwa bayan rumbu. Hausarta ba ta nuna ba, amma na ji ta sarai.

"Madam, ka roƙa mana Oga. A Karmo an fasa namu, mun zo nan. Ka ce shi ya bari mu cire kwano tukuna."

Na ɗaga kai, sai ga ɗanta a kan rufin ɗakinsu yana zare ƙusa, har ya sauke rabi. A lokacin na gane. A shekarun nan kowa ya san yadda rusau ke zuwa: da farko mutane masu kati a wuya da kyamara, daga nan jan fenti a bango, sai katafila. Ni da ke zaune Masaka, inda rabin maƙwabtanmu rusau ne ya koro su, ni ce ta ƙarshen ganewa.

Na je da sauri na raɗa masa, ina tsammanin zai zabura ya ba su haƙuri. Ya kurɓi fura, ya goge saje.

"Gimbiya, ai tun da muka tsaya na gane. Ni na ce musu daga ofishin rusau nake? Ki yi shiru kawai. Irin wannan doyar ba a samunta a kasuwa."

Wai don ya burge ni, sai ya ce in tsaya in ga abu. Ya juya kyamarar ya saita gidan wani mutum da bai kawo komai ba. Mutumin ya shige ciki har yana tuntuɓe, ya fito rungume da jan zakara. Saurayina ya kalle ni ya yi murmushi, kuma wallahi ranar na fara ganin kumatunsa sun lotsa.

A littafi, nan ne yarinya ke sumewa. Na duba inda zan faɗi, ko'ina taɓo ne da kashin awaki, sai na fasa. Na je gaban mai unguwa na durƙusa.

"Baba, wannan ba ɗan rusau ba ne. A ofishinsu fayil yake ɗauka daga wannan tebur ya kai wancan. Kyamarar ma shekaranjiya aka kawo masa, gwaji muka fito."

Na ɗauka duka za a fara, amma babu wanda ya ɗaga hannu. Mai unguwa ya ce a buɗe but. Kowace mata ta zo ta zari doyarta, babu wadda ta ɗauki ta wata. Zakara ya koma gida bayan ya bar tsarabarsa a kan shimfiɗar but ɗin. Sannan dattijon ya ce furar da Oga ya sha sun yafe, amma kwanon da aka sauke saboda shi, shi zai miƙa a mayar. Haka ya tsaya cikin farar shadda yana miƙa tsatsa sama, mata na gefe suna yi masa sannu da aiki, ranka ya daɗe. Ni aka ba riƙon kyamara. Na ɗauke shi, kuma duk ranar babu hoton da ya kai wannan kyau. Hoton nan shi ya fara gogewa da muka shiga mota.

Muka kamo hanya har muka shigo Jabi. Nan ya ce na tozarta shi gaban ƙauyawa, kuma macen da ba ta iya rufa wa mijinta asiri ba sai an yi mata gyara. Na ce ya ajiye ni a tasha. Na hau bas ɗin Masaka, ina isa na ce wa yayata ta kira kawu ta ce kada a dafa komai, baƙin ba sa zuwa. Kuka kam na yi shi yadda ya kamata, da filo da komai, kwana da kwanaki.

Har yau ina karanta littattafaina, ban tuba ba. Sai dai tun daga ranar, idan ƙannena suka zo suna yaba min kirkin wani saurayi, nakan ce musu kowa ma ya iya kirki gaban wadda yake so. Su jira su ga abin da zai yi ranar da ya gane wani na tsoronsa.