Injin Baba da Ƙafar Rabe

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar bazara, shekarar da nake aji huɗu na firamare a Tafashiya. Rana ba ta gama fitowa ba, muka ɗauki hanyar gonarmu ta gabas da kurar shanu shaƙe da taki. Ni ke gaba ina riƙe da igiyar bijimai, ƙanena Rabe, wanda bai wuce shekara bakwai ba, yana zaune a gefen kura ya sako ƙafafunsa. Tun daga gida yake gyangyaɗi, na kuwa yi masa magana ya ce idonsa biyu. Da muka zo gangaren da ruwan bara ya zaizaye, kurar ta yi tsalle, sai na ji ƙara a bayana. Kafin in tsayar da bijiman, taya ta riga ta bi ta kan idon sawunsa na hagu. Barci ne ya kayar da shi. Wani Bafillace da ke kora shanunsa kiwo shi ya saɓa shi a kafaɗa har gida, ni kuma ina biye ina kuka, taki duk a jikina.

Wannan barcin yana da asali. A ƙarshen kakar da ta wuce, Baba ya sayar da gyaɗarsa da waken suya, ya dawo daga Kankia da talabijin da na'urar kaset da ɗan janareta. A unguwarmu babu mai irinsu. Da fari ranar Juma'a kawai ake kunnawa, daga baya ya zama kullum. Ana idar da sallar isha'i tsakar gidanmu za ta cika, maza a kan benci ta wajen zaure, mata da yara a ƙasa har bakin madafa. To bazara ce, ɗaki ba ya kwantuwa don zafi, kuma inda muke shimfiɗa tabarminmu nan jama'a ke zaune. Ko da yaro ya so kwanciya babu wuri, ga rurin inji, ga hayaƙin fetur yana shiga maƙogwaro. Mu ne masu kai wa manya ruwa a buta da kofi, mu ne masu korar awaki daga jikin waya. Sai an watse mu share ɓawon gyaɗa da na rake mu kwanta. Duk da haka, assalatu na yi Baba zai tsaya a kanmu da carbinsa, ya ce ɗan manomi ba ya bari rana ta riga shi tashi. Shi zai koma ya rama barcinsa da hantsi a zaure. Mu kuwa sai rijiya, sai ciyawar tumaki, sai makaranta, inda malamin lissafi ya raɗa mini suna Sarkin Gyangyaɗi, ya kuma sa bulala ta san bayana sarai. Ko langa aka fita yi lokacin tara, ni gindin dalbejiya nake nema in kifa kai.

Inna ta yi wa Baba magana ba sau ɗaya ba. Amsarsa kullum ita ce, mutum ba ya korar maƙwabtansa. Gaskiyar ita ce yana jin daɗin yadda ake ce masa mai talabijin, yadda waɗanda ba su taɓa tako zaurensa ba suka koma gaishe shi da durƙuso.

Aka kai Rabe wurin wani mai ɗori a garin Ƙofa, aka dawo da shi da yamma ƙafar ɗaure da karare. Abin da har yau in na tuna zuciyata ke tafasa shi ne, a wannan ranar, yaron yana kwance yana nishi, 'yan dubiya suka zauna suka ƙi tafiya, Baba kuma ya ɗauko galan ya nufi inji. Wai kallon zai ɗauke wa yaro hankali daga ciwo. Inna mace ce marar hayaniya, ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba. Ta ajiye muciyar da ke hannunta, ta je ta tsaya tsakaninsa da injin.

"Malam, in aka tada injin ga yau, gobe da safe ni da ɗiyana muna Yashe gidan ubana."

"A gaban mutane za ki faɗa mini haka? Abin da ya samu yaro ƙaddara ce."

"Ƙaddara ce. Amma kai ka hana shi barci, kai kuma ka ɗora shi bisa kura."

Mutane suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Baba ya yi kwanaki ba ya cin tuwonta, yana sayen abinci a bakin titi. A unguwa aka yi ta yi da ita, wai ta mallake miji, wai baƙin ciki take don ana shigar mata gida. Matan da suka sha ruwan randarta wata da watanni su ne suka daina amsa gaisuwarta a wurin niƙa. Talabijin ya koma zaure, ba a kunna shi sai Juma'a da la'asar, daga baya injin ya lalace, ba a kuma gyara shi ba.

Mayar da mu kan hanya bai zo da sauƙi ba, domin jikinmu ya riga ya saba. Inna ta matso da girkinta, tuwo ya koma sauka kafin magariba. Ta hana mu barcin rana, duk wanda ta ga yana lumshe ido bayan azahar sai ta miƙa masa surfe ko ta tura shi ɗebo ruwa. Ana sallame isha'i za ta yayyafa wa ƙasa ruwa don ta yi sanyi, ta shimfiɗa tabarmi, ta hure fitila, ta ce, "Dare mahutar bawa." Makon farko muka yi ta juye-juye ido a bushe, muna ƙunƙuni, har yayata Binta ta ce an mai da gidanmu maƙabarta. Inna ba ta sassauta ba ko ranar da babu makaranta. Kafin damuna ta sauka, mun koma farkawa da kanmu tun ladan bai kira ba, kai wasai, jiki babu nauyi. Na daina shan bulala a aji. A huɗar shekarar ni na riƙe garma, ban san gajiya ba sai rana ta take.

Rabe kuwa ƙafar ba ta koma daidai ba. Ya daina ƙwallo, ya daina langa, sai dai ya zauna a gefe yana tsaron takalman masu wasa. Yanzu tela ne a Kusada, da ƙafar dama yake taka keken ɗinki, yana tafiya yana ɗingishi. Har Baba ya koma ga Allah ban ji ya ce wa yaron nan sannu, laifina ne ba. Ina yi masa addu'a kamar yadda ya wajaba a kan ɗa, amma wannan guri ɗaya a zuciyata bai huce ba.

Yau ina zaune a Kankia da iyalina. Babu mai tara jama'a a tsakar gida, kowa da nasa kallon a tafin hannu, ƙarƙashin mayafi. Ina ganin yaran unguwa da safe suna tafiya makaranta ido jawur, iyayensu suna zaginsu da lalaci, kamar ba su suka saya musu wayoyin ba. A gidana bayan isha'i kowa yana ajiye wayarsa, har ni, 'ya'yana kuma suna kumbura fuska, ina barinsu su kumbura. Sai dai duk ƙoƙarina ban samo irin shirun gidanmu na wancan lokaci ba, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, da tuƙar tumaki a turke, da Inna zaune tana yi mana fifita har numfashinmu ya daidaita. Yaro ba ya iya ƙwatar wa kansa barci, sai wani babba ya tsaya masa.