Kada da Kado

Tun ranar da aka yi harbe-harbe a bayan makarantarmu ta Ƙaura, ko murfin tukunya ne ya faɗi sai in tsinci kaina a ƙarƙashin gado. Abinci ya daina shiga, dariya kuwa na manta yadda ake yinta. Shi ya sa Inna ta tura ni wajen kakata, can ƙauyensu na kan tudu a ƙasar Zurmi, wanda gulbi ke zagayewa da damina ya koma tsibiri.

Mai fiton da ya ƙetare da ni ƙanen kakata ne, tsoho mai bakin surutu. Ya zaunar da ni a kwalekwale tsakanin buhun gishiri da akuyar wata Bafulatana, yana tuƙi yana ba ni tarihi. Wai mahara masu dawaki ne suka koro kakanninmu, suka haye tudun nan don doki ba ya son ruwa mai zurfi. Yanzu ma, in ji shi, babur bai koyi iyo ba. Ni dai na ƙanƙame gefen jirgi ina karanto duk addu'ar da na sani. Na ɗan sunkuya in leƙa ruwa, sai ya ɗaga murya: "Kada…"

Ban jira sauran ba. Na ƙwalla ihu, na haye buhun gishiri, na rungume akuya. Akuya ta saki nata ihun, jirgi ya karkata, takalmina ɗaya ya bi gulbi.

Na ce da tsohon, "Kaka, ina yake? Ina kadan?"

"Wane kada, ɗiyar nan? Cewa za ni yi kada ki leƙa. Mu nan kado muke ce mishi, shi ko rabona da shi tun ina da haƙora."

Bafulatanar ta fara dariya, har da hawaye. Ni ma wani abu ya taso min daga ciki, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce. Da ita na hau tudun, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Kakata ta zagaya da ni. Ga ragowar ganuwar da ta zaizaye, awaki na kwance a kai. Ga dutsen da niƙan matan zamanin baya ya ƙwaƙule, ga kukar da ake hawa a hango baƙo. Daga gindinta gonakin gero sun yi kore shar a hayi, ruwa na walƙiya ta ko'ina. Duk inda muka gifta labari ya riga mu, mata na leƙowa ta katanga suna tambaya ko ni ce matar kada.

Da la'asar murfin tukunya ya suɓuce wa kakata. Na zabura, har yau ma nakan yi. Ta dube ni, ta ce a hankali, "Kada."

Muka fashe da dariya. Ranar malmala biyu na cinye, na nemi ƙari.