Anti Faifai Za Ta Miƙa Makulli

Shekara talatin da ɗaya ke nan, ƙarfe bakwai saura kwata take buɗe ɗakin ajiyar waƙoƙi na gidan rediyonmu. Ta kunna fanka don kada zafi ya lanƙwasa faya-fayai, ta ɗauki tsumma mai laushi ta bi kantoci tana gogewa. Kafin masu gabatar da shirye-shirye su iso, waƙoƙin ranar suna jere a tebur, kowane kundi da 'yar takarda maƙale a jikinsa. A takardar take rubuta ra'ayinta, ko an tambaye ta ko ba a tambaya ba. Daga manaja har maigadi, Anti Faifai kowa ke ce mata.

"Waƙa biyu ce a kundin nan, sauran takwas rakiya suka yo." Haka ta taɓa rubutawa. A wani kuma: "Murya ga ta nan, amma ba abin da ya faɗa."

Mai shirin matasa ya sha tsokanarta. "Anti, ke dai in ba tsohuwar waƙa ba, ba kya ji."

"Wa ya gaya maka? Mu ma a zamaninmu an tafka shirme, mantawa da shi aka yi. Sa min waƙa ta uku a kundin sabuwar mawaƙiyar nan, ka ji yadda ake jan numfashi." Yana sawa ta lumshe ido, kafaɗa na rawa a kan kujera.

Shekarar da tashar ta koma aiki da kwamfuta, manaja ya ce a kwashe tsofaffin faya-fayai da kaset a zubar, a mai da ɗakin ofis. Anti ta same shi, tsumman na hannunta.

"Ranka ya daɗe, ka ba ni wata shida in juye su cikin kwamfuta."

"Haba Anti, wa zai nemi waɗannan?"

"Wanda bai san zai nema ba tukuna."

Wata uku ya ba ta. Matar da ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba ta tsare injiniya har ya koya mata. Kaset ɗin da zarensa ya tsinke ta liƙe da man farce, ta naɗe da biro. Ko hutun rana ba ta fita. Da wa'adi ya cika ta juye waƙa sama da dubu huɗu, idanunta sun yi ja. Manaja ya leƙo ya ga aikin, ya sosa ƙeya, ya ce a nemi ofis a wani wurin.

Bara wata ma'aikaciyar jinya ta shigo ɗakin a ɗarare. Mahaifinta mawaƙi ne a da, kundi ɗaya tak ya yi shekara arba'in da suka wuce. Yanzu shanyewar ɓarin jiki ta tafi da maganarsa, kwafin gida kuma ya ɓace a wajen ƙaura. Ta zaga ko'ina, ba wanda ya ma san sunansa.

"Rera min ko baiti ɗaya, 'yata," in ji Anti.

Ba ta kai ƙarshen baitin ba Anti ta tafa hannu. "Mai karya murya a ƙarshen layi! Waƙa bakwai ce a kundinsa. Ta huɗu babu kamarta, amma ta shida, gaskiya Baba ya yi gaggawa."

Matar ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

Washegari da safe Anti da kanta ta kai kundin har gida. Tsohon yana kwance kusa da taga, jikoki sun zagaye shi. Da waƙar farko ta tashi, yatsansa ya fara buga gefen gado. A ta huɗu leɓɓansa suka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo ta shida sai ya yamutsa fuska, ya girgiza kai, dariya ta kuɓuce masa.

Anti ta juya ga 'yarsa. "Kin gani? Shi ma ya sani."

Anti, ke ce kunnen tashar nan. Ba a taɓa jin muryarki a iska ba, amma duk waƙar da ta sa direba ya ƙara sauti, ko ta sa tela ya tsayar da keke, ta hannunki ta bi. Ke ce mai faɗa wa mawaƙi gaskiya saboda kin saurare shi har ƙarshe. Mun gode. Masu tasowa, ku koyi wannan a wurinta: ku ji waƙa ta ƙare kafin ku yanke mata hukunci, kuma ku riƙe aikin da ba a gani da hannu biyu.

Juma'ar nan za ta yi ritaya. Mun tambaye ta me za ta yi a gida.

"Zan kunna rediyo kamar kowa," in ji ta. "Amma ku sani, ina da lambar wayar kowannenku."