Jinjina ga Inna, wadda ta ƙi sa hannu saboda sifili ɗaya

Ƙarfe bakwai da rabi Inna take ajiye jaka a teburin bakin taga, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta kunna kwamfuta. Shekara ashirin da shida ke nan, ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Aikinta ba shi da farin jini: ita ke haɗa sababbin manhajoji da tsofaffin da ke cikin injina. Tsofaffin nan ba sa ƙirga haruffa. Karantawa suke yi har su ci karo da sifili, alamar ƙarshen rubutu, in babu shi su zarce, su kwaso duk abin da suka tarar.

Abokan aikinta ba su manta da aikin ma'ajiyar jini ba. An gama manhajar buga takardar da ake liƙa wa jakar jinin majiyyaci, kowa ya sa hannu, saura Inna.

"Inna, don Allah sa hannu mu huta," in ji manaja. "Sau ɗari muka gwada."

"Da gajerun sunaye kuka gwada, ranka ya daɗe. Gurbi talatin da biyu kuka ware wa suna. In sunan ya cinye su duka, sifilin a ina zai zauna, a kanka?"

Aka yi dariya, ban da manaja. Ya ce gobe za a miƙa aikin, da hannunta ko babu. Abin ya ƙona mata rai, amma ba ta ja da shi ba. Kujera ta ja, ta shigar da dogon suna, ta danna. Takarda ta fito, ga sunan, ga rukunin jinin wani majiyyacin daban maƙale a wutsiyarsa.

Manaja ya duba, ya sake dubawa. Cikakken sunan 'yarsa ne ta shigar. Ya nemi wuri ya zauna.

Ranar ta ƙara gurbi, ta dasa sifilin da hannunta. Bayanan da ba rubutu ba kuwa, ta ce dole a riƙa aika su tare da tsawonsu, don sifili kan faɗo a tsakiyarsu, manhaja ta tsaya ba ta kai ƙarshe ba.

Ke ce mai taurin kan da muka yi ta gunaguni a kansa, Inna, kuma yau muna jin kunya. Masu tasowa, ku koyi cewa "ban yarda ba tukuna" ko da ɗaki duka ya harare ku.

Mun gode, Inna. Akwai mutanen da aka ƙara wa jini suka tashi, suka koma gida wurin 'ya'yansu, ba su taɓa jin labarinki ba. A madadinsu muke cewa Allah ya saka miki da alheri.